Darasin Kwamfuta: Me Ya Sa Wasanmu Ya Ƙi Buɗewa?

A wannan makon mun kawo muku abin da muka koya a kulob ɗin kwamfuta, kwana uku kafin ranar baje kolin kimiyya ta makarantarmu a nan Kankara.

Mun rubuta ɗan wasan lissafi da harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Don wasan ya nuna hoto ya yi sauti, muna bukatar taskar manhaja mai suna pygame. Ba mu da data, sai wani ɗan ajinmu da ya je gida Faskari ya kwafo mana ita a filashi daga sabuwar kwamfutar yayansa. Muka zuba a tsohuwar kwamfutar makaranta, muka danna, sai ga jan rubutu: "No module named 'pygame.base'". Alhali ga fayil ɗin muna kallonsa!

Malam ya yi mana bayani da misalin tela. Abin da muke rubutawa da Python kamar yadi ne, kowace kwamfuta za ta yanka daidai jikinta. Amma wani ɓangare na pygame da harshen C aka rubuta shi, aka juya shi zuwa harshen inji tun kafin ya iso gare mu. Wannan ɗinkakkiyar riga ce, sai mai ma'auninta. A Windows sunan irin waɗannan fayiloli yana ƙarewa da .dll ko .pyd, a Linux kuma .so.

Ga abubuwa uku da za ku duba, bi da bi:

1. Karanta layin ƙarshe na jan rubutun. Nan kwamfuta take faɗin damuwarta. Mun ɓata kwana guda muna sake kwafa saboda ba mu karanta ba.

2. Gwada ma'auni. Buɗe Python, layin farko zai nuna lambarsa, da kuma ko "32 bit" ne ko "64 bit". Kada kalmar "win32" ta ƙarshen layin ta ruɗe ku, tana fitowa har a mai 64. Sannan ku duba sunan fayil ɗin. Namu base.cp311-win_amd64.pyd ne, wato an ɗinka shi don Python 3.11 mai 64. Mu kuwa 3.8 mai 32 gare mu, shi ya sa Python ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Sabunta namu ma ba zai yiwu ba, domin daga 3.9 Python ya daina aiki a Windows 7.

3. Idan ma'auni ya yi daidai amma kuka ga "DLL load failed", galibi fayil ɗin yana neman wani ɗan uwansa ne da ba ya nan. Sau da yawa Visual C++ Redistributable na kamfanin Microsoft ne. Ku ɗauko shi daga shafin kamfanin kawai, ban da shafukan da ke raba .dll ɗai-ɗai, don wasu suna ɗauke da bairos.

Daga ƙarshe Malam ya sauke fayil mai ƙarewa da .whl wanda sunansa ke ɗauke da cp38 da win32, muka girka shi da umarnin pip install. Wasan ya buɗe ana gobe baje koli, har 'yan aji ɗaya suka yi layi suna gwadawa.

Wata 'yar kulob ɗinmu za ta kai wa ƙannenta wasan a Sabuwa idan an yi hutu. Mun ce ta fara tambayo lambar Python ɗinsu kafin ta ɗauki filashi, domin matambayi ba ya ɓata.

Mai tambaya ya same mu ranar Laraba bayan an tashi.

Daga wakilan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida