ALKALI: MA'ANARSA, AMFANINSA DA HAƊARINSA

Kanwa da ruwan toka da farar ƙasa da sabulu duk dangi ɗaya ne a wurin masana kimiyya, suna kiransu alkali. Kada a ɗauka alƙalin kotu ake nufi. Kalmar ta Larabci ce, asalin ma'anarta tokar tsiro.

Alkali shi ne kishiyar tsami. In suka haɗu, kowanne yakan karya ƙarfin ɗan'uwansa. Ana gane shi da santsi a hannu da ɗaci a baki. In aka jefa kanwa cikin jiƙon zoɓo, jan zai juye ya yi duhu-duhu, har ya koma kore.

MA'AUNINSA

A 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya fito da ma'aunin pH, wanda ake ƙirgawa daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7. Abin da ya kasa 7 tsami ne, wanda ya ɗara 7 kuwa alkali ne. Sabulu yana wajen 10, sodar yin sabulu takan kai 14. Hawa mataki ɗaya, ƙarfi ya ninka sau 10 ke nan.

AMFANINSA

Uwargida takan sa kanwa don wake ya nuna da wuri, miyar kuɓewa ta yi yauƙi. Marina sukan zuba toka a karofi don baba ya narke ya kama zane. Majema suna tuge gashin fata da ita. Manomi yakan watsa farar ƙasa a gonar da ta yi tsami.

HATTARA

Kome ya yi yawa ɓarna yake yi. Yawan kanwa yana kashe wasu bitamin na abinci, yana kuma tara ruwa a jiki kamar gishiri. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa.

Soda kuwa tana cin fata, tana makantarwa. Lalle masu yin sabulu su ajiye ta nesa da yara, kada su zuba ta a kwalbar lemo. In ta taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa har minti 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa tsamiya. A garzaya da shi asibiti nan take.