Darasi: Jinyar Da Ke Farawa Bayan Sallama Daga Asibiti

Idan aka sallami majinyaci daga asibiti mukan je mu yi masa barka, mu miƙa godiya a Misa, sa'an nan mu ɗauka magana ta ƙare. Ga wanda mummunar cutar numfashi ta kwantar, sau da yawa ranar sallama ce mafarin wata jinya dabam.

Mutanen Hong Kong sun riga mu sanin wannan. A 2003 cutar SARS, wadda ta ɓullo a kudancin ƙasar Sin a ƙarshen 2002, ta kama mutum 1,755 a birnin, ta kashe 299. Likitoci suka ci gaba da duba waɗanda suka rayu. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa bayan kusan shekara huɗu, wajen mutum huɗu cikin goma na waɗanda aka duba suna fama da gajiya marar ƙarewa, misalin haka kuma suna fama da ciwon da ya shafi tunani, kamar firgita da matsanancin baƙin ciki. Waɗansu kuwa, maganin da aka ba su da yawa domin ceton rai ya lalata musu ƙashin kwatangwalo, har tafiya ta zama aiki.

Korona, wadda ta iso Najeriya a Fabrairun 2020, ta bar irin wannan sawu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamunsa: gajiya, haki, da rikicewar tunani, waɗanda akan gani wata uku bayan kamuwa, su kuma daɗe aƙalla wata biyu.

Me ke faruwa a jikin irin wannan mutum? Huhun waɗansu yakan warke da tabo, ya kasa jan iska kamar dā. Doguwar kwanciya takan cinye ƙarfin ƙafafu. Amma abin da ya fi wuyar ganewa shi ne yadda haki da tsoro suke ciyar da juna. Wanda ya taɓa neman numfashi ya rasa, jikinsa ba ya mantawa. Ya ɗan hau tudu, numfashi ya yi gajere, nan take zuciya ta tuna da gadon asibiti; tsoro ya ƙara saurin numfashi, saurin ya ƙara tsoro. Sai ya daina zuwa gona, ya guji taro, har coci. Mu kuwa da muke ganinsa garau mukan ce lalaci ne, ko mu ce bangaskiyarsa ta yi sanyi. Wannan hukunci ne marar adalci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko makahon Betsaida, a Markus sura 8, sai da Ubangiji ya ɗora masa hannu sau biyu kafin ya gani sosai, bai kuwa tsauta masa ba.

Saboda haka kada mu matsa musu. Waɗansu in suka tilasta wa kansu aiki yau, gobe da jibi a kwance za su wuni. Gara a raba aikin kaɗan-kaɗan. Farillar zuwa Misar Lahadi da ta azumi ba ta kan marar lafiya. Shafewar marasa lafiya kuma, kamar yadda Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1963, ba ta masu bakin mutuwa kaɗai ba ce.

Duk wanda ya san irin wannan ɗan'uwa a unguwarsa, ya sanar da katikis ko Zumuntar Mata, a kai masa Jibin Ubangiji gida. In kuwa yana ciwon ƙirji, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara mutuwa, a raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba.