Darasin Girki: Kada Tumatirin Kaka Ya Ruɓe

Yara manyan gobe, kun lura da tumatirin da ake sayowa daga kasuwar Ƙanƙara, Sheme ko Sabuwa a ƙarshen damina? Kwana uku ya fara ruwa, kuɗin Baba sun tafi a banza.

Mutanen Indiya suna da wata dabara da suke kira catni. Kayan haɗinta kuwa duk muna da su.

A samo tumatir 10, albasa 2, attarugu 3, 'yar citta, gishiri, sukari rabin kofi da ruwan tsamiya mai kauri kofi 1. A yayyanka, a zuba a tukunya, a rage wuta. A yi ta juyawa har sai in an ja ludayi ana ganin gindin tukunya.

A tafasa kwalba da murfinta minti 10, a ɗura da zafinsa, a rufe gam.

Tsami da sukari su ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma fa in murfi ya kumbura ko fumfuna ta fito, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Yana da daɗi da shinkafa da wake.

Aikin gida: Me ya sa ake tafasa kwalba? Ku tambayi Inna, ku gwada tare.