Yadda Tayoyin Baya Ke Ja Ba Tare da Farfela Ba

Makaniken da ya leƙa ƙarƙashin Toyota RAV4 Hybrid mai jan ƙafa huɗu zai nemi farfela ya rasa. Dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji daga gaba zuwa baya babu shi. A gurbinsa akwai wayoyi masu kauri masu launin ruwan lemo, da ƙaramin injin lantarki da aka dasa tsakanin tayoyin baya. Toyota ta raɗa wa tsarin suna E-Four, ta kuma fara shi da Estima Hybrid a 2001.

Aikin yana farawa daga ƙafar direba. Da ya taka totur, kwamfutar motar ta auna nauyin takun, ta duba karkatar sitiyari da gudun kowace taya. Idan daga tsaye za a tashi, ko tayar gaba ta soma sulɓi a taɓo ko ƙanƙara, nan take ta ba da umarni.

Sai batir ya saki wuta. Wutar batir miƙe take tafiya, injin baya kuwa mai kaiwa da komowa yake ci, don haka dole ta ratsa inbata, kamar dai ta solar gida. Injin yana juyawa da saurin da ya fi ƙarfin taya, shi ya sa aka haɗa shi da giyoyi masu rage gudu su ƙara ƙarfi. Daga nan wata giyar ta raba wa dama da hagu, yadda tayar waje za ta fi ta ciki juyawa a kwana.

A RAV4 ta 2019, tayoyin baya kan ɗauki har kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ja. Prius ta 2019 mai wannan tsari ba ta kai haka ba: injinta na baya kilowat 5.3 ne kacal, yana tura motar har ta kai kilomita 10 a awa, sannan ya jira a neme shi, iyakarsa kilomita 70 a awa.

Da hanya ta miƙe, sai kwamfuta ta yanke wa injin baya wuta, gaba ta ci gaba da ja, a rage shan mai. Idan kuma direban RAV4 ya taka birki, aikin ya juye: tayoyi ne ke juya injin, ya zama janareto, wutar ta bi wayoyin nan ta koma batir.