Ɗari Ya Shigo, Littafi Na Nan A Babi Na Biyu

Wani malamin firamare daga Sanyinna, a ƙaramar hukumar Tambuwal, ya kawo kukansa. Shekara uku ke nan yana ɗaukar wa kansa alkawarin kammala littafin labarinsa a lokacin ɗari. Da dare, in ana jin wuta, labari kan yi ta zuwa masa har ya rasa wanda zai kama. Da safe kuma bargo ba ya sakinsa. Kafin ya ankara zafi ya shigo, shi kuwa yana nan a babi na biyu.

Malam, ban ga lalaci a cikin wasiƙarka ba, rashin ma'auni na gani. Manomin da ya cika rumbu bayan kaka ba ya ce wa uwargida ta ɗiba yadda ta ga dama. Da tiya ake aunawa, kullum. Kai kuwa ka ce "zan gama littafi", ba ka faɗi abin da za ka auna gobe da safe ba.

Mu fara da lissafi. Hunturu a ƙasar Sakkwato yakan kankama ne daga Disamba zuwa Fabrairu, ka ce kwana casa'in. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ɗaki ya koma tanda, gumi na ɗiga a kan takarda.  Cire kwana goma na bukukuwa, tunda da an kai amfani gida aure ke ɓarkewa, yau ɗaurin aure a Tambuwal, jibi suna a Kebbe, kuma ba ka isa ka ƙi zuwa ba. Saura tamanin. In ka rubuta kalma 300 a rana, wato kamar shafi biyu na littafin rubutun ɗalibanka, ka tashi da kalma 24,000. Gajeren littafi ne cikakke.

Sai maganar lokaci. Ka daina jiran dare ya rubuta maka littafi. Dare na tarawa ne. Iskar nan mai busowa daga hamada tana tara mutane a gindin wuta, kuma a nan tsofaffi ke sakin baki: rigimar gado, labarin wanda ya tafi cin rani Ikko bai dawo ba, yadda aka yi fari a wata shekara. Ka riƙe ɗan ƙaramin littafi a aljihun rigar sanyi, ka kama jimla ɗaya ko biyu, ko ka naɗi muryarka a waya a kan hanyar komawa gida. Kada ka raina waɗannan guntaye. Malam Abdullahi na Gwandu, maƙwabcinku, waƙoƙin da ya yi a warwatse cikin shekarun karatu da na yaƙi ya tattara, ya yi musu bayani, suka zama Tazyinul Waraƙati a 1813.

Ainihin rubutun kuwa bayan sallar asuba ne, kuma duk dabarar a wuri ɗaya take: kada ka koma shimfiɗa. In ka dawo daga masallaci ka ce bari ka ɗan miƙe na minti biyar, an gama da kai. Tun da dare ka ajiye littafi a buɗe, biro a kai, fitila a caje, ruwan zafi a fulas. Ka kuma bar jimlar ƙarshe ta jiya ba ka ƙarasa ba, don hannu ya sami inda zai kama. Ni ma na yi shekaru ina ruɗin kaina cewa da dare na fi basira, har na gane da dare hira na fi iyawa.

Akwai abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci fiye da littafin. Kada ka shiga da kaskon gawayi ɗaki ka rufe ƙofa da taga don ka ji daɗin rubutu. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da barci, mutum ya ɗauka gajiya ce. Ka ɗumama hannu a waje, ka shafa man kaɗanya a yatsun da suka tsage, ka sa safa da hular sanyi. In ƙura na tayar maka da tari ko asma, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara, ka sa takunkumi in hazo ya yi kauri.

Wayar kuma ta kwana nesa da kai. Wanda ya buɗe WhatsApp kafin ya buɗe littafi ya ba da safiyarsa sadaka. In a wayar kake rubutu, kashe data, kuma duk Juma'a ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel, don waya na faɗuwa, ana kuma sacewa a kasuwa.

Abu na ƙarshe, ka sami mai jiranka. A 1936 aka aro Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, Rupert East na zaune yana jiran shafuka. Kai ba ka da East, amma kana da abokin aiki a makaranta, ko maiɗakinka in tana son labari. Ka yi alkawarin karanta wa ɗayansu babi duk daren Alhamis. Kunyar zuwa hannu rabbana ta fi agogo iya tayar da mutum.

Ranar da ka fasa, kada ka ninka wa gobe. Ka koma kan shafi biyunka, ka ja layi a kalandar bango duk ranar da ka cika su. In Fabrairu ta ƙare, ka ƙirga layukan ka aiko mini da adadin, tare da babi na uku.