Yadda ake sayen gidan da ke jingine a banki a Gudel

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kasuwar manyan gidaje a Yamai ta yi sanyi. Takunkumin CEDEAO ya ƙuntata bankuna har zuwa Fabrairun 2024, sojojin Faransa sun tafi a Disambar 2023, ofishin jakadancinta ya rufe, sojojin Amurka su ma suka tattara a 2024. Baƙi irin waɗannan da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji su ne a da manyan 'yan hayar vilolin Kwara Kano da Yantala da gefen Gudel. Wanda ya ci bashin banki ya gina vila da lissafin kuɗin haya ne zai riƙa biya masa, yau ga gida ba kowa, ga ruwan bashi yana hawa. Sai ka ji dillali yana raɗa maka: "Alhaji, mai gidan a matse yake, ko nawa ka taya zai sallama."

Ba shi kaɗai ke sallamawa ba. A irin wannan ciniki ku uku ne: kai, mai gida, da banki. A ce bashin ya kai miliyan 40 na sefa, gidan kuma a kasuwar yau ba zai wuce miliyan 32 ba. Ciniki ba zai faɗa ba sai banki ya yarda ya karɓi abin da ya samu ya saki gidan, kamar yadda aka yi ta yi a Amurka bayan rugujewar kasuwar gidaje ta 2008. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, a dokar OHADA da Nijar ke aiki da ita, jingina gida take bi, ko hannun wa ya koma. Idan ka biya mai gida ya sa kuɗin a aljihu, banki zai zo ya same ka a cikin gidan, kuma doka tana bayansa.

Mataki na farko, ka tambayi takarda kafin ka tambayi farashi. Gudel tsohon ƙauyen Zabarmawa ne da birni ya haɗiye, don haka takardu iri uku za ka tarar. Akwai shaidar mallakar gargajiya da mai gari ke sa wa hannu, wadda ta fi yawa a filayen gado. Akwai akt da sesiyon, ta ma'aikatar magajin gari, ga filayen da aka yi wa loti. Sai titir fonsiye, uwar takardu, wadda ke da lamba a rajistar filaye ta ƙasa. Jingina ta doka a kan gida mai titir kaɗai ake rubuta ta. Amma kada wannan ya kwantar maka da hankali idan gidan akt da sesiyon gare shi, domin akan ajiye ainihin takardar a hannun mai bin bashi, banki ko ɗan kasuwa, har sai an biya. Idan aka miƙo maka fotokofi, ko kwafin da aka fitar wai ta asali ta ɓace, ka tambaya kai tsaye: ta ainihin tana hannun wa? Yadda mutum ya amsa wannan tambaya zai gaya maka rabin labarin.

Na biyu, ka ɗauki notar naka, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, tun yanzu, kada ka jira ranar sa hannu, kada kuma ka wadatu da wanda dillali ya kawo. Aikinsa na farko ya je ofishin adana rajistar filaye da lambar titir, ya fitar maka da takardar da ke nuna duk wani haƙƙi da aka rubuta a kan gidan: sunan mai shi, jingina nawa, ta wane banki, ta nawa, da ranar da aka rubuta kowace. Wani gidan jingina biyu gare shi, mai shi ɗaya ya ambata.

A wannan takarda akwai abu guda da za ka fi zuba wa ido. Idan banki ya gaji da jira, yakan aiko wusiye, wato mai isar da takardun shari'a, da takardar umarnin biya, a ba mai bashi kwana 20. In bai biya ba, aka rubuta umarnin a rajistar filaye, gidan ya shiga hannun shari'a ke nan, mai shi ba ya da ikon sayar da shi. Cinikin da kuka yi bayan wannan rana ba zai tsaya ba sai in ka ajiye kuɗin da zai biya masu bin bashin da ke rubuce dukansu, uwa da ruwa da kuɗin shari'a. To ina arahar? Idan an kai nan, ko dai banki ya janye ƙararsa a rubuce, ko ka jira ranar gwanjo. Gwanjon ma da nasa sharaɗi: a cikin kwana goma bayan an buga maka, wani na iya ƙara kashi ɗaya cikin goma na farashin, a sake sabon taye. Kada ka kawo mai fenti kafin kwana goman nan su cika.

Na uku, ka gano su waye masu gidan. A tsohon Gudel wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Suna ɗaya ne a takarda, amma mai sunan ya rasu, gidan na 'ya'ya ne da matan aure, wani yana Kwatano, wata tana aure a Tilaberi. Ka nemi takardar shaidar magada, da takardar zaman iyali da kotu ta amince da ita wadda ta nuna wanda aka wakilta ya sayar. Sannan ka je da ƙafarka ka gaida mai gari da limamin unguwa da maƙwabcin da ya fi daɗewa a layin. Ba sai ka ce saye za ka yi ba. Rigimar da ba ta kai kotu ba tukuna, su suka san ta.

Na huɗu, gidan kansa. Wanda ya kasa biyan banki ya daɗe da daina gyara, wannan ka ɗauke shi tabbas. Ka zo da magini naka da mai awon fili, a duba duwatsun iyaka a gwada da taswirar da ke cikin takarda, don katanga takan ci hanya ko ta ci maƙwabci. Gudel a bakin kogin Isa take, kogin kuma sau biyu yake cika: da damina wajen Agusta da Satumba, sai kuma da sanyi idan ruwan da ya taso daga Gini ya iso. Mutanen Yamai ba su manta ambaliyar 2020 da ta 2024 ba. Ka tsuguna ka dubi gindin katanga ta baya, inda ba a damu da yi wa kwalliya ba. Idan ka ga layi mai duhu ya miƙe daidai gwiwa, siminti yana ɓarewa kamar gari idan ka goga da yatsa, alhali falo yana sheƙi da sabon fenti, ruwa ya taɓa kwana a gidan. Ka buɗe rijiyar salga ka ga zurfin ruwanta. In da hali, ka koma bayan an yi ruwan sama ka ga inda ruwan layin yake bi. Gidan da ke kan tudu kusa da titin da ke zuwa gadar Janar Seyni Kountché, wadda aka buɗe a 2021, da wanda ke gangaren lambuna, duk Gudel ake ce musu, amma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ka karɓi takardun biyan wuta na NIGELEC da na ruwa, da rasit ɗin lanhon gida. In akwai ɗan haya, ka ga yarjejeniyarsa da watannin da ya riga ya biya.

Na biyar, tayi. Ka tambayi nawa aka sayar da gidaje irinsa a unguwar cikin watannin nan, wanda aka biya, ba wanda aka yi suna ba. Ka cire kuɗin gyara, ka cire na notar da na rajista da na sauya suna, waɗanda za ka sa notar ya rubuta maka jimlarsu tun kafin ka taya, ka kuma yanke la'adar dillali da wanda zai biya ta. Ra'ayina, kada ka murɗe wuyan mai gida don ka ga ya rasa mafita. Malamai sun ƙi cin gajiyar wanda ke cikin matsi, kuma ko ta fuskar lissafi tayin wulaƙanci ba ya wucewa, tunda banki yana da mai kimanta masa gida, in ya ga gwanjo zai fi kawo masa kuɗi can zai nufa.

Tayin a rubuce za a kai shi, ta hannun notar, zuwa sashen karɓo bashi na bankin, da sa hannun mai gida. Maganar ma'aikacin kanta ko ta wani "ɗan'uwa da ke ciki" ba ta ɗaure banki. Abin da kake nema wasiƙa ce mai hatimi da ta faɗi abu uku: adadin da banki zai karɓa, alkawarin sakin jingina da miƙa ainihin titir da zarar kuɗin ya shiga, da ranar da wannan yardar za ta ƙare. Ragowar bashin, ko an yafe ko mai gida zai ci gaba da biya, tsakaninsu ne, amma a rubuta cewa ba ya kan gidan. Amsar banki takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma a tsakanin nan ne dillali zai dawo: "Alhaji, wani ya taya sama da kai, ka ba da kafin alƙalami mu riƙe maka." In za ka bayar, a asusun notar za ka zuba, da sharaɗin a mayar maka in banki ya ƙi.

Na ƙarshe, biya. Kuɗin duka ta hannun notar za su bi, da cek ko turawa ta banki, ba a jakar leda ba. Shi zai biya banki, ya karɓi takardar sakin jingina, ya kai a soke ta a rajista, sannan a juya titir zuwa sunanka. In akwai abin da ya rage wa mai gida, sai ranar da ya kwashe kaya ya miƙa makulli. Ku sa wannan rana a takardar ciniki, kuma in iyali ne a ciki ka ba su lokacin da za su sami wurin komawa. Bayan an gama, ka sa notar ya sake fitar da takardar haƙƙoƙin nan ta mataki na biyu, sabuwa, ka karanta da idonka ka ga sunanka a kai, gurbin jingina kuma an soke. Daga nan ka je a mayar da kwantar wuta da ta ruwa sunanka, ka canza makullan ƙofa.