Karatu Ba Ya Zama A Zuciyar Da Ke Firgice

  Ya ke 'yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan manhaja ne, wato tsarin abin da ake koya wa yaro, da lokacin da ake koya masa, da yadda ake koyarwar. Amma manhajar da nake nufi ta yaran da tsoro ya riga ya shiga zukatansu ce.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A Islamiyyar da nake koyarwa a nan Dudunni, an kawo mana wata yarinya 'yar kimanin shekara 9, wadda iyayenta suka baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Wata uku tana kan sura ɗaya. Yau ta haddace, gobe kamar ba ta taɓa jin ta ba. Ni kuwa na ɗauka wasa ne ya yi mata yawa, har na riƙa yi mata tsawa. Wata rana da la'asar babura biyu suka wuce ta bayan aji da gudu. Kafin in waiwaya yarinyar nan ta shige ƙarƙashin benci, jikinta na rawa, ta jiƙe zanenta. Wallahi ranar na ji kunyar kaina. Ashe duk tsawon wata ukun nan kunnenta na kan hanya, ba ya wurina.

Irinta suna da yawa a jiharmu. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Kimanin mako ɗaya bayan haka aka tare 'yan Islamiyyar Mahuta ta Ɗandume a hanyar dawowa daga Maulidi, Allah Ya sa aka kuɓutar da su. Yaran sun dawo gida, amma firgici ba ya fita ranar da aka dawo. Ga kuma dubban da suka ga an ƙone rumbu, ko aka gudu da su cikin dare.

Me tsoro ke yi wa karatu?

Idan mutum ya razana, jikinsa kan yi shirin gudu: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, hankali ya koma kan neman mafita. Ga wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, jikin kan ci gaba da wannan shiri ko da hatsarin ya wuce. Barcinsa kan lalace, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daɗa kafa abin da aka koya da rana. Shi ya sa haddar irin wannan yaro take zubewa.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta *Masalihul Abdan wal Anfus*, inda ya nuna cewa rai na yin ciwo kamar yadda jiki ke yi, ya kuma yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a *Muƙaddima* yana gargaɗin cewa tsanantawa na cutar da ɗalibi, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara don gudun duka.

Misali daga Maiduguri

A 2007 wani lauya, Barista Zanna Mustapha, ya buɗe makarantar marayu ta Future Prowess a Maiduguri da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, sai ya karɓi marayun ɓangarorin biyu: ɗan wanda ya mutu yana tayar da ƙayar baya, da ɗan jami'in tsaron da aka kashe, duk a aji ɗaya. Karatu kyauta, abinci kyauta, ga kayan makaranta da kula da lafiya. An haɗa Alƙur'ani da Larabci da karatun boko. Bai bar iyaye mata a baya ba, ya jawo matan da suka rasa mazajensu cikin harkar makarantar, aka kuma buɗe musu hanyar sana'a. Zuwa 2017 ɗalibai sun kai 540, kuma a shekarar ce Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen.

Abin lura, 'yar'uwa, ba sabon darasi aka ƙirƙiro a can ba. Jeri aka gyara: ciki da natsuwa da uwa suka zo gaba, sannan allo.

Yadda za mu tsara tamu

Ba sai mun jira gini ko tallafi ba. Ga abin da muka gwada a ajinmu:

1. Jadawali ɗaya kullum. Yaron da aka tayar cikin dare ba ya son ba-zata. A fara da sallama da addu'a iri ɗaya, a tashi a lokaci ɗaya. In malama ba za ta zo gobe ba, ta faɗa tun yau.

2. Minti 10 na farko na gaisuwa ne. A kira kowa da sunansa, a tambayi kwanansa. Labarin zuciya a tambayi fuska. A nan ake gane wanda bai yi barci ba da wanda bai karya ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko ƙosai biyu ne a tanada.

3. Hadda kaɗan, maimaici da yawa. Aya 2 ko 3 da suka zauna sun fi shafin da zai zube. A riƙa biyawa tare da murya ɗaya, domin amon jama'a na kwantar da mai tsoro, ba kamar a tsayar da shi shi kaɗai gaban aji ba.

4. Darasin sira ya zama wurin koyon sunan damuwa. Annabi (SAW) ya tashi maraya. Annabi Yusuf (AS) an jefa shi rijiya yana yaro, mahaifinsa ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) yake tsayawa ya tambayi ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa. Yaro ya san cewa kuka ba raunin imani ba ne. Amma kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani. In ya fara da kansa, a saurara.

5. Wasa na cikin manhaja. Gaɗa, 'yar carafke, tatsuniya, zane a ƙasa. Jikin da ya saba ɗarɗar yana bukatar inda zai saki.

6. A ajiye dorina. Ladabtarwa na nan, amma da magana, da hana wasa na ɗan lokaci, da ɗora wa yaro aiki. Wanda ya ga makami a hannun mugu, bulala a hannun malama tana mayar da shi can ne.

Naki aikin, uwa

Awa 2 ko 3 yaro ke yi a wurinmu, sauran yana hannunki. Ki je ki faɗa wa malama abin da ya faru da ɗanki. Ba tonon asiri ba ne. In ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada ki shanya tabarmarsa gaban 'yan'uwansa kina gori. Ki rage hirar wanda aka kashe da wanda aka sace a gaban yara, haka nan hotuna da bidiyon waya. Ki zauna da shi lokacin kwanciya, ku yi addu'ar barci tare. Ki kuma samu maigida cikin ladabi ki fahimtar da shi, domin sau da yawa uba kan ɗauki tsoron ɗa namiji a matsayin ragwanta.

Idan an wuce wata ɗaya yaro bai daina firgita cikin barci ba, ko ya daina magana, ko ya ƙi abinci, ko yana ambaton mutuwa, to a ci gaba da addu'a, a kuma kai shi asibiti. Babban Asibitin Kankiya na kusa da mu, su za su nuna inda za a ga likitan ƙwaƙwalwa. Ganin likitan nan ba ya nufin hauka.

Ita kuwa ɗalibata, na dawo da ita kusa da ni, na ba ta aikin raba alli. Duk lokacin da babur ya wuce sai in ce mata a hankali, "Na gida ne." Har yanzu takan zabura wani lokaci, amma ta wuce surar nan tuni, kuma rannan na ji ta tana jan baitin gaɗa.

Ɗa na kowa ne. A taron reshenku na gaba, ku tambayi malaman Islamiyyar unguwarku: yara nawa ne a ajinsu suka zo daga gudun hijira, kuma me aka sauya saboda su?

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.